Manhajar lissafin tafiyar jirgi: nisan daidai ne, lokacin kuwa ya ɓata mini rai

Minti 24 manhajar nan ta ba ni tsakanin wasu ƙananan filayen jirgin sama biyu masu tazarar kilomita 340. Tafiyar kuwa sai da ta ci awa guda cur, daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta. Abin takaici ne a ce manhajar da ake biyan kuɗi ta yi irin wannan kuskuren, domin akwai masu dogaro da ita su tsara jirgin da za su kama a gaba.

Ba sai an yi dogon bincike ba za a gane inda ta kwafsa. A raba 340 da gudun kilomita 850 a awa, minti 24 ne zai fito. Wato gudun babban jirgin jet ta ɗauka, alhali yawancin ƙananan filaye jirage masu farfela ne ke zuwa. A irin waɗannan jirage, ATR 72 ba ya wuce kusan kilomita 510 a awa idan ya daidaita a sama, Cessna Caravan kuwa wajen 340 yake yi. Ko da gudun ATR ɗin aka yi lissafi, minti 40 ne, kuma wannan ma idan jirgin ya riƙe gudun tun daga tashi har sauka, wanda ba ya yiwuwa. Wajen hawa a hankali yake tafiya, kuma a gajerar hanya irin wannan bai daɗe da daidaituwa ba matuƙi zai fara saukowa. A ƙara juya jirgi zuwa bakin titi, da jiran izinin hasumiya, da kewayen da ake yi don a sauka ana fuskantar iska, to ga awa guda nan.

Zan yaba mata a kan nisa, gaskiya. Tana karɓar lambar filin jirgi ta IATA (ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya) mai haruffa uku da ta ICAO (hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya) mai huɗu, kuma ta gane ƙananan filayen da wasu manhajojin ba su san da su ba. Tana kuma bambanta mil na ƙasa da na teku: kilomita 340 mil 211 ne na ƙasa, 184 na teku, tunda na teku kilomita 1.852 ne. Wannan ya burge ni ƙwarai, har na so in ba ta tauraro huɗu.

Amma da na tuna ba ta ma faɗa wa mutum ko akwai jirgin kai tsaye, sai raina ya sake ɓaci. Sau da yawa babu. Sai an bi ta babban fili a sauya jirgi, tafiyar awa guda ta koma ta yini. Babu gurbin saka ƙarfin iska, alhali iskar gaba mai gudun kilomita 60 a awa tana ƙara wa ATR kusan minti biyar a wannan tazarar. Ba ta kuma gargaɗi cewa filin da ba shi da fitilun titi ba a sauka a cikinsa bayan faɗuwar rana, ko cewa inda babu na'urar ILS, mai yi wa jirgi jagora wajen sauka idan ba a gani sosai, hazo kaɗan kan hana sauka.

Tauraro biyu na ba ta. Don Allah masu ita su saka wurin zaɓen irin jirgi, su kuma raba lokacin da ake sama da lokacin da ke kan tikiti. Kafin nan, ku ɗauki nisan a wajenta, lokacin kuma ku duba jadawalin kamfanin jirgin.