Gam ɗin 4200 ko 5200 domin yoyon fiffiken ƙasan jirgin ruwa

Malam, tsakanin gam biyun nan na kamfanin 3M da ka tambaya a kansu domin tsayar da yoyon da ke shigowa ta gindin fiffiken ƙasan jirgin ruwanka, ka ɗauki 4200. Sharaɗin kawai shi ne ka kwance fiffiken gaba ɗaya kafin ka shafa shi, domin duk gam ɗin da aka lafta ta waje a kewayen gindi, alhali notin suna nan a ɗaure, ba ya kaiwa ga ramukan da ruwan yake bi.

Fikafikan nan na tagulla, waɗanda ke hana jirgi karkacewa idan mai sululu a kan ruwa, wanda jirgin ke ja, ya finciko igiya ta gefe, ƙusoshi masu noti ne suke riƙe da su, kuma ƙusoshin sun huda faibar da aka ƙera jikin jirgin da ita har ciki. Saboda haka ƙarfin riƙo aikin noti da washa ne, shi kuwa gam aikinsa cike tsaga da hana ruwa wucewa. A wannan aiki 4200 ya wadatar, ana amfani da shi a ƙarƙashin ruwa, yana bushewa cikin kimanin awa 24, kuma ƙarfin manninsa bai wuce kusan rabin na 5200 ba, abin da ya sa ake iya ɓamɓare shi idan buƙata ta taso.

Da shi na sake ɗaura fiffiken gaba na jirgina bayan da ya daki kututturen da ya nutse, kuma tun daga lokacin ƙasan jirgin ya bushe ƙayau, famfon kwashe ruwa ma ya huta. Amfaninsa na gaske ya bayyana ne daga baya, lokacin da fiffiken ya sake lanƙwasa aka so a miƙar da shi. Na kwance noti, na zura siririyar wuƙar shafa foti a tsakanin tagulla da jikin jirgi, na bi a hankali, sai ga fiffiken ya sauko hannuna, fatar fentin nan mai sheƙi tana nan lafiya lau, babu inda ta kwaile. Ragowar gam ɗin kuwa ya fita kamar ana ɓare roba. Fiffiken ƙasa abu ne da ke cin karo da dutse da itace da yashi, don haka ka ɗauka tun yanzu cewa wata rana za a sake kwance shi.

Shi 5200 ba a ce ba ya riƙo, yana riƙo fiye da kima, nau'insa na asali yana ɗaukar har kwana 7 kafin ya gama bushewa, kuma ranar cirewa yakan taho da fatar jirgin.

Kafin ka sayi ko wanne, ka tabbatar da cewa daga fiffiken ruwan yake shigowa. Ka ɗora jirgin a kan tirela, ka toshe ramin zubar da ruwa, ka zuba ruwa kaɗan a ciki iyakar abin da zai rufe notin ba tare da ya taɓa inji ko wayoyi ba, sannan ka kwanta a ƙasa da tocila ka ga inda yake ɗiga. Sau da yawa laifin na wurin da sandar farfela ta ratsa ne, ko na gindin akalar juya jirgi, ruwan ya gangaro ya taru a kusa da fiffike.

Idan ka kwance, ka kankare tsohon gam tas, ka goge da samfefa da asiton, wato ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, ka bar ramukan su bushe sarai. Ka ɗan fafe bakin kowane rami ta waje domin gam ya samu wurin zama kamar zobe a wuyan ƙusa. Wajen ɗaurewa mutum biyu ake buƙata, ɗaya ya riƙe kan ƙusa kada ta juya, ɗayan yana matse noti ta ciki, har gam ya tsatso ta ko'ina a kewayen gindin. Amma idan ka ga faibar kanta ta tsage, ko ta yi fari-fari tana lotsawa a ƙarƙashin yatsa, to babu gam ɗin da zai yi magani. Sai an goge wurin an karkata gefensa da faɗin da ya ninka kaurin jikin sau 12, wato santimita 12 ga jiki mai kaurin santimita 1, a shimfiɗa sabon ƙyallen faiba da ifoksi, wato ruwan danƙon da ke daskarewa ya yi tauri, a sake huda ramuka. Ka kuma duba kumfar roba mai kama da soso da ke ƙarƙashin daɓen jirgin, domin tana shan ruwa ta riƙe, kuma a tsofaffin jirage masu ginshiƙan katako wannan damshin ne ke kawo ruɓa.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Wannan gam danshin iska ne ke busar da shi, saboda haka kwalbar matsawa da ta daɗe a kanti takan daskare daga ciki, wasu kuma sun san haka suke miƙa maka ita. Ka duba kwanan watan da ke jikinta, ka matsa ka ji tana da laushi. Akwai kuma masu cusa wa mutane silikon na banɗaki da sunan duk ɗaya ne, alhali ba ya kama faiba da kyau, kuma yana barin maiƙon da ke hana wani gam kamawa bayansa. Ka sayi ƙaramar kwalbar 4200 ranar da za ka yi aikin, domin da zarar an buɗe ta ba ta jiran wani gyaran.