Wata takwas da Raspberry Pi a bayan talabijin ɗinmu a Nima

Mma ce ta jawo min wannan aiki. Wayarta kullum cike da hotunan suna da na biki, gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta sun ƙare tun tuni, ita kuma ta rantse ba za a goge ko guda ba. Sai na sa wani abokina ya taho min da Raspberry Pi 4 daga Ingila, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai ram gigabait 4. Faɗinta bai wuce Ghana Card ba. Na ɗora mata manhajoji uku: Nextcloud don ajiye hotuna a gida maimakon Google, Pi-hole don tare tallace-tallace a wayoyin gidan, da Jellyfin inda na zuba tafsirin azumi da Baba ke saurare.

Tana ɗaukar duka ukun ba gardama, kuma wutar da take ci ba ta kai ta ƙaramin ƙwan fitila ba, mitarmu ko a jikinta. Nextcloud ne dai mai nauyin jiki: in ka buɗe tarin hotuna sai ka ɗan jira kafin su fito.

Inda na sha wuya shi ne dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Wata na biyu aka ɗauke wuta tana tsaka da rubutu a katin memori, katin arha da na saya a Circle, da wuta ta dawo sai jar fitila kawai, shiru. Allah ya taimake ni hotunan suna nan a wayar Mma, da yau ba ni da bakin magana a gidan nan. Laifina ne, an sha faɗa cewa irin wannan kati ba ya jure yawan rubutu. Na bar katin na koma SSD, ma'ajiyar da ta fi shi juriya, ta USB 3, na haɗa ta da ƙaramin batirin da ke riƙe rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida. Tun daga ranar ba ta sake yi min haka ba. Zafin Maris ma sai da ya sa na ɗaura mata 'yar fanka, don in ta kai digiri 80 tana rage gudu da kanta.

Shiga cikinta daga wajen gida kuwa, layin intanet ɗinmu ba shi da adireshi nasa shi kaɗai, da manhajar Tailscale, mai haɗa na'urorinka ko suna nesa da juna, na warware. Yanzu Yaya na turo hotuna daga Aboabo a Kumasi kai tsaye.

Wanda bai saba da Linux ba, wato tsarin da ke tafiyar da ita, ko ba ya son a riƙa kiransa, ban ba shi shawara ba. Jiya ina cikin trotro wajen Kanda, Mma ta bugo: "Kai, akwatin nan naka ya yi barci kuma." Da na iso gida na tarar jikarta ce ta zare wayar wutar akwatin ta sa cajin tocila.