Sun haɗa mana sabar biyu, amma ba su faɗa min sai dare suke magana ba

Gaskiya da farko na ji daɗin aikinsu. Mun ɗauko wani kamfani ne ya haɗa sabar ofishinmu na Kano (wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogaro da ita) da ta reshenmu na Kaduna a kan Active Directory, manhajar Microsoft da ke riƙe da asusun shiga kwamfuta na ma'aikata, domin duk wanda aka buɗe wa asusu a nan ya iya shiga kwamfuta a can ba tare da an sake buɗe masa wani ba. Cikin kwana biyu suka gama, yaron da suka turo kuma mai ladabi ne, ba ya ƙosawa da tambaya. Har na tallata su ga wani abokina.

Sai wata Talata. An sallami wani ma'aikaci a Kaduna, Oga ya kira ni wajen ƙarfe tara na safe ya ce, "Malam, rufe asusunsa yanzu yanzu." Na rufe, na ga 'yar kibiyar nan mai nuna an rufe asusu ta bayyana a kan sunansa, na ce ranka ya daɗe an gama. Bayan azahar sai ga waya daga Kaduna: ga mutumin can zaune ya kunna kwamfuta, ya shiga da kalmar sirrinsa, yana buɗe fayilolin ofis. Wallahi sai da gumi ya keto min.

Na buɗe Sites and Services, sashen da ake saita musayar bayanai tsakanin sabar da sabar, na duba jadawalin layin da ke haɗa rassan biyu. Akwatunan shuɗi, masu nuna lokacin da aka yarda a yi musayar, daga sha biyun dare ne zuwa biyar na asuba kawai, sauran duk fari fat. Wato duk canjin da na yi da rana a Kano yake zama har sha biyun dare. Tazarar da ke tsakanin musaya da musaya ma sun bar ta a minti 180 da manhajar ke zuwa da ita, alhali ana iya sauke ta har minti 15. Sai da na tura canjin da hannu ta repadmin, umarnin da ake tilasta musayar da shi, kafin sabar Kaduna ta san an rufe asusun.

Da na kira 'yan kamfanin, wai sun yi haka ne don kada musayar ta cinye mana data. To data ta wa? Canjin suna da kalmar sirri na ma'aikatan da ba su kai hamsin ba, nawa zai ci? Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu wanda ya faɗa min, babu ko layi ɗaya a takardar miƙa aiki. Ni ne na tsaya gaban Oga ina kame-kame.

Yanzu na tuna ma, makon farko wata sabuwar ma'aikaciya ta wuni ba ta iya shiga ba, suka ce matsalar intanet ce, na yarda. Ashe wannan jadawalin ne.

Na buɗe shi awa 24, kowane minti 15, kuma wata biyu ke nan ban ga datar ta girgiza ba. Abokin nan nawa kuwa na kira shi na ce ya dakata tukuna.