Injin V8 a Cikin Tsohuwar Hilux: Bitar Aikin Garejin da Ya Sauya Mini Inji

Motata Toyota Hilux ce mai jan taya huɗu, samfurin LN106, irin a-kori-kurar da aka ƙera tsakanin 1988 da 1997, wadda aksul ɗinta na gaba miƙaƙƙe ne guda ɗaya da sifirin ke riƙe da shi. Injin da ta zo da shi shi ne 3L, dizal mai lita 2.8 wanda ba shi da turbo, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa shi ya san halinsa: ba ya saurin mutuwa, amma kuma ba ya sauri. Ƙarfinsa kimanin doki 90 ne, ƙarfin murɗawarsa kuwa Nm 188. Wannan ya wadatar muddin motar tana kan tayoyinta na asali, amma daga ranar da na sa mata manyan tayoyi na daji, na ƙara mata ƙarfen kariya a gaba da tankin ruwa a baya, sai ta zama kamar jakin da aka labta wa kaya fiye da kima. A hawan tudu sai na sauko zuwa giya ta biyu, a cikin yashi mai laushi kuwa injin yakan shaƙe tun kafin tayoyin su samu damar hawa kan yashin. Wannan ne ya kai ni wani gareji da ya ƙware a sauya inji, kuma yau wata takwas ke nan da karɓar motar, lokacin da nake ganin ya isa mutum ya faɗi abin da ya gani ba tare da ɗokin sabon abu ya rufe masa ido ba.

Abu na farko da ya burge ni shi ne maigidan garejin bai yi gaggawar karɓar aikin ba. Ya zaunar da ni ya tambayi irin hanyar da nake bi, da nauyin da nake ɗauka, da nisan da nake yi kafin in samu gidan mai, sannan ya ajiye mini zaɓi uku. Na farko shi ne 1KZ-TE, dizal mai turbo mai lita 3.0 na Toyota, wanda shigarsa ta fi sauƙi domin dangin motar ne, sai dai an san shi da tsagewar kan silinda idan aka bari ya yi zafi. Na biyu ɗaya daga cikin injinan LS na kamfanin General Motors na Amurka, waɗanda ƙarfinsu ya fi abin da aksul ɗin Hilux zai jure ba tare da an sake shi gaba ɗaya ba. Na uku shi ne 1UZ-FE, injin fetur V8, wato mai silinda takwas, mai lita 4.0 wanda ya fara fitowa a 1989 a cikin Lexus LS400. Shi kansa ya fi karkata ga dizal ɗin, ya kuma faɗa mini haka ƙarara. Ni ne na nace a kan V8, kuma ina ambata wannan ne domin kada a ɗora masa laifin abin da ni na zaɓa da bakina.

Dalilin nacewata ba ɓoyayye ba ne. Samfurin farko na 1UZ-FE yana ba da doki 250 da Nm 353, wato ƙarfin dokinsa ya kusa ninka na tsohon injin sau uku. Gangar jikinsa da kawunansa duk alminiyum ne, saboda haka duk da silinda takwas ɗin, gaban motar bai nutse ba bayan an ɗora shi. Garejin ya ba ni shawarar in guji samfurin da ya fito daga 1997 mai tsarin VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, ba don ba shi da kyau ba, sai don na'urar hana sata da ke haɗe da ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, tana ƙara wahalar haɗa wayoyi. Na bi shawarar, kuma daga baya na gode wa Allah da na bi, domin ko wayoyin tsohon samfurin sai da suka ba su aiki.

A aikin ƙarfe, ban da abin da zan ce sai yabo. Kujerun da injin ke zama a kansu an yanke su ne daga farantin ƙarfe mai kauri, an yi musu walda mai tsabta a jikin shasi, an kuma ƙara musu maƙalai ta yadda nauyin bai taru a wuri ɗaya ba. Sun san matsalar kaskon baƙin mai tun kafin a sauke injin daga ƙugiya: wanda ke zuwa da LS400 zurfinsa a gaba yake, daidai inda aksul ɗin Hilux ke tasowa idan taya ta hau dutse, don haka suka nemo na Lexus SC400 mai zurfi a baya, tare da bututun tsotson mai da sandar gwajinsa. Wanda bai san aikin ba sai ya sare kaskon ya yi masa faci, ranar da facin ya tsage a daji kuwa injin ya tafi ke nan. Haka nan giyabos. Wannan injin bai taɓa fitowa daga masana'anta da giyar hannu ba, da otomatik kawai yake zuwa, ni kuwa ba na son rabuwa da kuloci. Sun ƙi amincewa su bar mini tsohon giyabos G52, suka ce ba zai daɗe a bayan V8 ba, suka kawo R151F wanda Toyota ta yi wa injina masu ƙarfi, suka haɗa shi da injin ta hanyar farantin haɗi da falawil da aka ƙera don wannan aikin. Wata riba da ban zata ba ita ce giya ta ɗaya ta R151F ta fi zurfi, 4.31 a maimakon 3.93, kuma wannan ɗan bambancin yana da amfani idan ana rarrafe a kan duwatsu. An daidaita tsawon furofela ta gaba da ta baya, an kai su an auna musu ma'auni, kuma har yau babu girgiza ko a wane gudu. Salansa ma sun karkatar da ita nesa da sandar sitiyari, suka naɗe inda ya matsu da garkuwar zafi.

Sauya mota daga dizal zuwa fetur yana da ƙananan abubuwa da yawa da mai mota ba ya tunawa da su, su kuwa sun tuna. Sun sauke tanki sun wanke shi, sun sa famfon lantarki mai matsin da injin da ke fesa mai da allura ke buƙata, wajen bar 3 a ma'aunin matsi, sun shimfiɗa sabon bututun kai mai da na mayar da shi. Tsohon dizal yana samar wa birki iskar tsotso ne daga ƙaramin famfon da ke bayan altaneta, injin fetur kuwa daga hanyar shaƙar iskarsa ake ɗaukowa, kuma sun haɗa wannan yadda ya kamata har da bawul ɗin da ke hana iskar komawa.

Inda aikin ya yi rauni shi ne lantarki, kuma raunin ba ƙarami ba ne. Garejin ba shi da nasa mai wayoyi, ɗauko wani suke yi daga waje, kuma a bayyane yake cewa ba a sa masa ido kamar yadda ake sa wa masu walda ba. Mako biyu da karɓar motar sai ta fara mutuwa a sulo idan ta yi zafi, wani lokaci kuma ta yi ta tari idan na taka totur. Da na mayar da ita aka buɗe ƙarƙashin dashbod, sai ga wayoyi an murɗa su da hannu an naɗe da tef, babu dalma babu abin matsewa, ita kuwa ƙwaƙwalwar injin an ɗaure ta a ƙasa kusa da ƙafar fasinja, wurin da ruwa ke fara shiga idan mota ta ratsa rafi. Ban da wannan, ƙwaƙwalwar irin waɗannan motoci na farkon shekarun 1990 an san ta da yoyon kapasito, wato wasu ƙananan sassan lantarki da ke cikinta, idan ta tsufa, abin da duk mai wannan sana'a ya kamata ya duba kafin ya ɗora ta, amma ba wanda ya buɗe murfinta sai da matsala ta taso. Sun sake aikin wayoyin gaba ɗaya ba su karɓi ko kwabo ba, sun ɗaga ƙwaƙwalwar zuwa bayan akwatin dashbod, an canja kapasitocin, kuma tun daga nan ba ta sake mutuwa ba. Duk da haka motar ta ƙara kwana goma a hannunsu saboda abin da za a iya yi daidai tun farko. Agogon juyin inji ma bai dace da siginar V8 ba, sai da aka sa masa na'urar daidaitawa, kuma wannan ni na lura da shi, ba su ba.

Matsala ta biyu ita ce zafi, kuma a nan laifin rabawa za a yi tsakanin garejin da ƙuncin wurin. Tsakanin gaban injin da lagireto babu sararin da zai ɗauki fankar da inji ke juyawa, don haka suka sa fankokin lantarki biyu sirara ba tare da murfin da ke tattara iska ba. A kan kwalta allurar zafi ba ta motsi, domin iskar gudu tana yin aikin. Amma motar daji ba a kan kwalta ake gwada ta ba. Ranar da na fara shiga yashi mai zurfi, inji yana kuka sama mota tana tafiya a hankali, allurar ta fara hawa cikin 'yan mintoci, dole na tsaya. Injin alminiyum ba ya yafe zafi kamar na baƙin ƙarfe, shi ya sa ban yi wasa da abin ba. Maganin da aka yi shi ne lagireto mai kauri, da murfin fanka da aka ƙera daidai da shi, da toshe gefe-gefen da iska ke zurarewa. Kuɗin wannan ni na biya, kuma ina ganin da sun gwada motar a yanayin da na faɗa musu tun ranar farko, da sun sa shi cikin lissafin asali.

To, yaya motar take yanzu? A kan titi ta zama wata mota dabam: tana wuce tirela a giya ta huɗu ba tare da na yi dogon lissafi ba, ƙarar da girgizar dizal sun tafi, har mutum yana jin maganar wanda ke gefensa. A yashi ne kuwa injin ya biya ni wahalata, domin yana juyawa har sama da 5,000 a minti ba tare da ya shaƙe ba, kuma tudun da dā nake ja da baya in ɗauko gudu kafin in hau, yanzu daga gindinsa nake tashi. A kan duwatsu labarin ya sha bamban. Tsohon dizal yakan yi rarrafe da kansa ko ban taɓa totur ba, wannan kuwa ƙarfinsa yana sama, kololuwar murɗawarsa sai a juyi 4,400, don haka sai ƙafa ta koyi lallami. A gangara ma ba ya riƙe mota kamar dizal, dole birki ya ɗauki aikin da inji ke yi a dā. Ratsa ruwa kuma yanzu sai da tunani, domin distiributa biyu na injin a gaba suke, sitatarsa kuwa tana can cikin kwarin da ke tsakanin layukan silinda, ƙarƙashin hanyar shaƙar iska, inda laka ke taruwa kuma hannu ba ya kaiwa sai an kwance saman injin. Shan mai ya ƙaru ƙwarai, musamman a ƙaramar giya, har tafiyar da tanki ɗaya ke yi mini a dā yanzu sai da jarka a baya. Maigidan garejin ya gargaɗe ni a kan wannan tun farko, kuma bai ƙara gishiri ba.

Ya kuma gargaɗe ni a kan mahaɗar Birfield da ke cikin aksul na gaba, wato gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba ko da sitiyari ya karkata, wadda aka ƙera don injin doki 90 da ƙananan tayoyi, ya ce in canja ta zuwa mai ƙarfi tun motar tana hannunsu. Na ce a bari sai gaba. A wata na biyar, taya ta gaba ta yi tsalle a kan dutse sitiyari yana karkace, ta sauko ina kan totur, sai na ji ƙas. Na dawo gida da jan taya biyu, kuma babu wanda zan zarga. Birkin ma shawararsu ce a inganta na gaba, wannan kam na yarda tun farko, kuma ban ga yadda mai hankali zai ninka ƙarfin mota ya bar mata birkin da ta zo da shi ba.

Game da lokaci, sun ce mako shida, aikin ya ci goma sha ɗaya, kuma sau da yawa ni ne mai kira kafin in ji inda aka kwana. A gefe guda, sun ba ni takardar da ke ɗauke da lambar sabon injin da jerin duk abin da aka canja, wadda ta sauƙaƙa mini gyara takardun rajista da sanar da kamfanin inshora, sun kuma canja belin tayimin da famfon ruwa kafin su ɗora injin, lokacin da yin hakan ya fi sauƙi.

Wanda yawancin tafiyarsa yashi ne da doguwar hanya, zan iya tura shi wannan garejin, da sharaɗin ya ga mai wayoyin da idonsa, ya sa a rubuta lagireto da murfin fanka da mahaɗar aksul cikin yarjejeniya, kuma kada ya biya cikon kuɗi sai an gwada motar a ƙaramar giya cikin zafin rana. Wanda aikinsa ɗaukar kaya ne a hanyar duwatsu mai nisa da gidan mai, shawarar farko ta maigidan garejin ta fi tawa, dizal mai turbo ya fi dacewa da shi. Ni dai na riƙe V8 ɗina, kuma mako mai zuwa motar za ta koma wurinsu domin a sa mata tankin mai na biyu a ƙarƙashin bodi.