Daga Kaduna zuwa ƙauyukan masunta na bakin teku: wane jirgi, wace riga, wane lokaci

Wanda zai bar Kaduna ya nufi ƙauyukan masunta na bakin teku, ko sarin kifin banda da busasshen jatan lande zai je, ko aiki ne ya kai shi, ko buɗe ido kawai, yakan ƙarar da ƙarfinsa wajen cinikin kuɗin mota a tashar Mando ko garejin Talbijin. Alhali zaɓin da ke da nauyi yana can bakin kwata, lokacin da jirage uku ke tsaye, yaran kowanne na jan hannun rigarka, kai kuma ba ka iya iyo ba.

A fara da wurin zuwa, domin ba duk ruwa ne ɗaya ba. Ga ɗan koyo, yankin Legas ya fi sauƙi. Daga Badagry zuwa tsibirin Gberefu tsallake ne na 'yan mintoci, Makoko da kasuwar kifi ta Epe suna kan tafki mai kwanciyar ruwa, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, LASWA, tana sa ido a manyan tashoshi. Ƙasar Ilaje a jihar Ondo ta ɗan fi nisa da jama'a: daga Igbokoda ake shiga jirgi zuwa garuruwa irin su Ayetoro, wanda aka kafa a 1947, teku kuma ta riga ta cinye masa unguwanni. Ɗan kasuwa kuwa Oron da Ibaka na Akwa Ibom ne wurinsa, nan jatan lande da kifin bonga suke sauka. Sai dai a kula, wasu sansanonin masuntan da ake zuwa daga can suna cikin Bakassi, wadda kotun duniya ta ba Kamaru a 2002 aka kuma kammala miƙa ta a 2008. Wanda ya shiga ba takarda ya tsallaka ƙasar wasu ke nan. Bonny, Brass da Akassa na yankin Neja Delta ba wurin da baƙo zai tafi shi kaɗai ba ne. Akwai 'yan fashin ruwa a lungunan, kuma sai da mai masauki da zai tare ka.

Batun hanya gajere ne. Doguwar mota ta fi araha amma tana sauke mutum a gajiye. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, sannan jirgin sama zuwa Legas, Fatakwal ko Uyo, ya fi tsada. Mai zuwa yankin Warri yana iya kama jirgin ƙasan Itakpe. Ko wacce ka bi, ka isa garin da daren jiya, ka kwana, ka shiga ruwa da safe. Ka kuma nemi Sarkin Hausawan garin tun kafin ka taso. A Kalaba unguwar Bogobiri za ka tambaya. Su suka san matuƙin da ba ya shan barasa kafin ya kama inji.

Jirage iri uku za ka tarar. Na farko ƙaramin jirgin fayiba mai gudu, wanda ke ɗaukar mutum goma sha wani abu zuwa ashirin da inji mai ƙarfin doki 75, 115 ko 200. Yana rage lokaci sosai, kuma shi mutane suka fi so. Aibinsa biyu ne: yana dukan igiyar ruwa da ƙarfi har ƙugu ya yi tsami, musamman ga wanda ya zauna a gaba, kuma idan ya ci karo da kututture ko ɓoyayyen ƙarfen tsohon jirgi yana cikin gudu, babu lokacin yin dabara. Zauna a tsakiya ko ɗan baya. Na biyu babban jirgin katako na ranar kasuwa, mai ɗaukar buhuna da jarkoki da mutane a haɗe. Shi ne mafi araha, shi ne kuma ke dawo da kayan ɗan kasuwa, amma yana tafiyar hawainiya kuma cutarsa lodi. Dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da fuskar ruwa. In ba ta kai kamu ɗaya ba, bar shi ya tafi, ko da ka biya. Duba kuma ko akwai yaron da aikinsa kwashe ruwa tun jirgin na tsaye, domin wannan alamar katako ya buɗe ne. Na uku babban jirgin fasinja mai rufi da kujeru, wanda ake rubuta sunan kowa kafin tashi. Inda yake akwai, shi za ka zaɓa ba tare da dogon tunani ba, sai dai ba ya shiga ƙananan ƙauyuka.

Shata ta fi dacewa da mutum huɗu ko biyar da ke son zaga ƙauyuka da yawa a yini ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ne ke yanke farashinta, don haka a yi ciniki a kan lita, ba a kan baki ba. Inji mai doki 40 irin na Yamaha Enduro yana shan kusan lita 20 a awa in an sake masa wuta gaba ɗaya, manya kuma sun ninka haka. Ƙa'idar masu ruwa ita ce kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Irin wannan inji ana gauraya masa fetur da baƙin mai na musamman, yawanci kashi 50 da 1. In aka yi rowar man, inji ya ƙone a tsakiyar ruwa. Tambayi matuƙi ya nuna maka fulogi na canji, filafili, anka da igiya. Jirgi mai inji biyu ya fi mai ɗaya daraja a duk inda za a fita bakin teku, domin mutuwar inji a mahaɗar kogi da teku ita ce ke juya jirgi gefe igiya ta kife shi. A ƙarshen damina kuma kainuwa kan toshe hanya ta naɗe farfela.

Abin da mutumin Arewa ya fi mantawa shi ne teku tana cikowa ta janye sau biyu a yini, kimanin awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. A Legas bambancin bai cika wuce mita ɗaya ba, amma wajen Kalaba da Oron yana kusantar mita uku. Lungun da ka shiga da hantsi kana iya dawowa da la'asar ka tarar da taɓo zalla. Lissafin watanmu na Hijira yana da amfani a nan: a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ruwa ya fi cika, ya fi janyewa, ya fi gudu. Daga Yuni zuwa Satumba teku ta fi haushi. Nuwamba zuwa Fabrairu ta fi kwanciya, sai dai hazon hunturu na rage gani da asuba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare a ruwa. Matuƙin da ya ce a tashi bayan magariba ba naka ba ne.

Rigar kariya kuwa, sayi taka. Waɗanda ake rabawa a kwata sau da yawa soson cikinsu ya mutu, maɗauran sun tsinke. A jikin riga ta ƙwarai akwai lamba mai nuna ƙarfinta na ɗaga mutum a kan ruwa. Mai 50N ta masu iya iyo ce a kusa da gaɓa, ba ta juya mutum. Mai 100N ta ishi tafki da lunguna. Mai 150N ita aka yi don ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama, ita muke ba wanda bai iya ruwa ba shawara. Akwai mai soso, akwai mai kumbura da ƙaramar tukunyar iskar gas. Ta biyun ba ta da nauyi ko zafi, amma in ta tashi sau ɗaya sai an canza tukunya, kuma ba a ƙauyen masunta za ka samu ba. Ɗauki mai soso, ja ko ruwan lemo, mai abin wuya, usur, da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi. In babu wannan maɗauri, riga kan haye ta kan mutum da zarar ya faɗa ruwa. Gwada ta: ɗaura, wani ya ja kafaɗun sama, in ta kai kunne, ta yi yawa. Babbar riga da doguwar abaya suna shan ruwa su yi nauyi, a ninke su a jaka har a sauka.

Jakar da ruwa ba ya shiga, mai lita 20, ta ishi kwana uku. Ana naɗe bakinta sau uku kafin a maƙale, in ba haka ba aikin banza ne. Leda biyu a cikin juna tana maganin feshi, ba ta maganin nutsewa. Riƙe tsabar kuɗi a wurare biyu, domin sabis da masu POS ba su da tabbas. Ruwan rijiyoyin can yakan yi gishiri-gishiri, don haka tafi da na sha ko ƙwayar tsarkake ruwa, wadda ake jira minti 30 bayan an jefa. Gidan sauro dole ne. Alwala da ruwan teku ta halatta, alƙibla kuma daga can ta fi karkata arewa maso gabas fiye da yadda ka saba a Kaduna. In jirgi ya rage gudu a lungunan Neja Delta ka ga kowa ya ɗaga hannu sama, shingen sojoji ne: ɗaga naka, ka mayar da waya aljihu, kada ka ɗauki hoto.