Waya ko Tiriga: Da Wanne Za a Haɗa Filash da Kyamara?

Matasan da ke buɗe situdiyo a Katsina sun sha tambayata: waya za su ja daga kyamara zuwa filash, ko tiriga, wato na'urar da ke tayar da filash ba tare da waya ba, za su saya?

Wajen kuɗi, waya ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba ruwanta da batir. Matsalarta ƙafar mutane. A ƙaramin shago, yaro ɗaya ya yi tuntuɓe da ita, sai ka ga sandar filash ta kifo har da lemarta. Ga shi yawancin ƙananan kyamarori ba su da ramin waya, sai an ɗora adafta a samansu.

Tiriga irin Godox X2T kuwa da siginar rediyo ta 2.4GHz take aiki. In fitilunka na Godox ne, daga inda kake tsaye za ka rage hasken wannan, ka ƙara na wancan. Sai dai ka duba harafin ƙarshe na sunan tirigar kafin ka biya: C na kyamarar Canon ne, N na Nikon, S na Sony. A wurin dinar biki kuma, in wani mai hoto ya saita tirigarsa a tasha ɗaya da taka, duk danna da ya yi filash ɗinka zai tashi. Canza tasha kawai.

Da waya, in saurin ɗaukar hoto na kyamararka ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, baƙin layi zai ci gefen hoton. Tiriga na iya haura haka, muddin ita da fitilar suna da HSS, wato tsarin da ke sa filash ya yi aiki a irin wannan saurin.

Mai hoton fasfo da ba ya motsa fitila, waya ta ishe shi. Mai bin bukukuwa har Daura, tiriga ce tasa, da batir AA na ko-ta-kwana a jaka.