Kazar gona, ta Hausa ko ta ƙanƙara, wacce za a saya?

Jama'a in za ku sayi kaza yanzu ba kuɗi da nauyi kawai za ku duba ba, akwai maganar ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, irin su Salmonella da E. coli da ke zaune a hanjin kaza, in suka kama yaro da zawo da zazzaɓi sai a yi ta ba shi antibayotik shiru ba sauƙi. A 2019 kaɗai kusan mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda cututtukan da ba sa jin magani, ba duka daga nama ba, amma nama na cikin hanyoyin.

Kajin gona dai sun fi araha ga tsoka, sati 6 zuwa 8 sun isa yanka. Matsalar wasu masu kiwo tun suna 'yan tsaki ake zuba musu magani a ruwan sha ko lafiyarsu ƙalau, wai riga-kafi, to a haka ƙwayoyin ke sabawa da shi. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana ba dabbobi antibayotik don su yi saurin girma. A jikin ledar maganin akwai kwanakin da za a jira kafin a yanka, kuma wallahi da yawa ba sa jira in Sallah ta matso, don haka in kun san mai gonar ku tambaye shi kai tsaye yaushe ya daina ba su magani, domin wuta tana kashe ƙwayar cuta amma ba ta cinye ragowar maganin duka.

Kazar Hausa ni ita na fi natsuwa da ita duk da tsada da tauri, sai dai ita ma a bola take kiwo, kuma akwai masu fasa mata kafso ja da yalo da zarar ta fara gyangyaɗi.

Ta ƙanƙara wadda ba suna ba lambar NAFDAC, ku bar ta. Najeriya ta hana shigo da ita tun 2003, ta iyakar Benin ake fasa-ƙwaurinta, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin nan, kwantar da su kawai yake. In kun ga jini ya daskare a gindin leda to ta narke an sake daskarar da ita.

Amma abin da ya fi damuna wurin masu fiɗa ne a kasuwa, tukunyar ruwan zafi ɗaya tun safe har ruwan ya koma baƙi, katako ɗaya wuƙa ɗaya, kazarka mai lafiya ta kwaso na wasu. Gara a yanka a gida a fige, wuƙar kaza daban da ta yanka latas da kabeji, a wanke hannu da sabulu, a dafa har sai ba sauran ja a jikin ƙashi.